Goran Da Bai Nutse Ba

Shafi na 14

Assalamu alaikum. Masu turo saƙo suna cewa na bar su a rataye, ku gafarce ni. 'Yar autata ce zazzaɓi ya kwantar kwana huɗu, sai jiya hankalina ya dawo jikina. Ga wanda yau ya shigo: Mamman Gyartai na Madarunfa ne yake magana, a zamanin da Nasara bai iso ƙasar nan ba.

*

Ranar ce ta ƙarshe a cikin kwana bakwai da muka yi a birnin Maradi, a gidan Yaya Illo, wan matata Dije. Washegari da sassafe za mu kama hanyar Madarunfa.

Illo ya fito cikin rigarsa ta saƙi, yana taunar goro.

"Yau ba zaman gida," ya ce. "Yau sai kun taka birni da ƙafarku. Duk abin da kuka nuna da yatsa, ni zan saya."

"Yaya, ɗawainiyar ta yi yawa," in ji Dije.

"Ke dai taso. Shekara uku kina kuka, yau ki yi dariya ko sau ɗaya."

Shekara uku ke nan tun ranar da Illo ya faɗo gidana jiƙe sharkaf, ya ce ɗana na fari ya nutse a tafkin Madarunfa. Su biyu suka tafi kamun kifi. Ya ce yana tsaye a gaɓa ya ga goran da yaron yake kwance a kai ya buɗe daidai inda aka ɗinke, ruwa ya cika shi, suka yi ƙasa tare. Ba a ga gawa ba, ba a ga gora ba.

Ni na ɗinke goran nan. Sana'ar gidanmu ke nan tun kakana, ɗinkin ƙwarya da gora. Daga ranar ban sake taɓa basilla ba. Dije ba ta taɓa ce mini uffan ba, amma duk ƙwaryar da ke da ɗinkina ta kwashe ta kife a bayan rumbu.

Shi kuwa Illo, wanda shanunsa suka ƙare ƙaf a shekarar annobar shanu, sai ya koma birni ya zama babban mai fataucin gishiri. Muka ce Allah ne ya buɗa masa.

Muka fara da ganuwa, muka leƙa ƙofar fada daga nesa. Ni dai idona yana kan Dije. Tun da na rasa ɗaya, ko akuya ce ta makara a daji sai in fita nemanta.

"Riƙe bakin rigata," na ce mata.

"Malam, ni yarinya ce?"

"Riƙe dai."

Illo ya ƙyalƙyace da dariya. "Gyartai ke nan! Wa zai sace maka tsohuwa?"

A marina Dije ta tsaya tana kallon wani marini da hannunsa ya yi shuɗi har gwiwa.

"Bawan Allah, da wanga hannu kake cin tuwo?"

"Da shi, Inna. Shi ya sa miyar gidana ba ta koɗewa."

Dije ta yi dariya har ta dafa ni. Rabon da in ji wannan dariyar, na manta. Illo ya saya mata baƙin zane mai ƙyalli, ni kuma ya ɗora mini jar dara a ka. Muka ci waina da zuma a tsaye kamar yara.

"Saura zangon gishiri," in ji Dije. "An ce ayarin Azbin ya sauka shekaranjiya."

"Gishiri kuma?" in ji Illo. "Kina gidan mai gishiri, ki tafi neman gishiri a kasuwa?"

"Raƙuman nake son gani, Yaya."

"Ba wurin mata ba ne. Wari, ga ƙuda."

"Kai fa ka ce duk abin da na nuna."

Haka muka je. Raƙuma a gurfane, kantun gishiri jere a kan tabarmi, bayin Azbinawa suna ta sauke wannan suna ɗaure wancan, kowa da amawali ya rufe fuska, idanu kawai a waje. Wani dattijon Ba'azbine ya hango Illo, ya ɗaga hannu.

"Illo! Abokin ciniki! Ka ɓuya!"

Illo ya amsa a gurguje. Ya sa hannu a kafaɗata yana son juya ni, yana wata dariya da ba ta da dalili. Ni ma na taya shi, da jar dara a kaina, da maiƙon waina a bakina.

Sai muka ji tim!

Wani dogon bawa ne kantu ya suɓuce masa, ya fashe biyu a gabanmu. Ya tsaya ƙiƙam yana kallonmu. Dattijon ya zabga masa bulala a baya, ko motsi bai yi ba. Can ya sunkuya ya kwashi gishirin, ya juya mana baya.

"Wayyo, ɗan mutane," in ji Dije. Ta dafe ƙirji. "Malam, gabana ya faɗi."

"Rana ce," in ji Illo. "Mu tafi inuwa." Gumi yana tsiyaya daga ƙasan hularsa.

Muka yi sallar azahar, muka sha fura, muka huta a gindin wata tsamiya. Daga nan Dije ta ce ba za ta koma Madarunfa ba sai da sababbin ƙore. Na san dalili.

Layin 'yan ƙwarya yana can ƙarshen kasuwa. Wata tsohuwa da ake kira Marka ta baza kayanta, Dije ta durƙusa tana ƙwanƙwasa su ɗaya ɗaya. Ni na kau da kai, don ba na son ganin ƙwarya. Kau da kan da zan yi, idona ya sauka a kan wani babban gora a bayan tsohuwar, irin na masunta, ya yi baƙi don shan hannu, da igiya a wuyansa.

Akwai ɗinki a cikinsa.

Na matsa. Ni bahago ne. Duk gyartan ƙasar nan ɗinkinsu dama yake kwantawa, nawa hagu. Kuma ni ba na ƙulli a waje, a ciki nake yi, biyu, in shafe da danƙo. Na zura hannu ta bakin goran, yatsana ya taɓa ƙulli. Ya taɓa na biyu.

Ko zare ɗaya bai kwance ba.

Na ji kasuwar ta yi tsit a kunnena. Na waiga. Illo yana can yana gaisawa da wani, yana gyara zaman rigarsa.

"Inna, ina kika samo wanga?"

"Wani daga zangon Azbinawa ya ajiye mini ɗazu da hantsi," in ji Marka. "Ya ce ba ya so. Ko ciniki bai tsaya yi ba."

Da na yi wa tsohuwar nan tambaya ɗaya tak, da abin da ya biyo baya bai zama haka ba. Amma ban yi ba. Abin da ya cika kaina shi ne, Illo ya kashe mini ɗa, ya sayar wa Azbinawa da goransa, ya zo ya ɗora mini laifi na ɗauka shekara uku.

"Yaya," na kira shi. "Na nuna nawa."

Ya zo ya duba. "Wanga tsohon gora? Gyartai, ga sababbi!"

"Shi nake so."

Ya buɗe jakar wuri ya sallami tsohuwa yana girgiza kai. Bai gane shi ba. Mai kiwon shanu ne, a wurinsa gora duk gora ne.

"Saura abu ɗaya," na ce. "Basilla."

Dije ta ɗago ta dube ni.

"Alhamdu lillahi!" in ji Illo. "Za a koma sana'a ke nan! Mu je maƙera, ni zan zaɓa maka."

Shi ya zaɓa kuwa. Doguwa, mai tsini. Ya gwada ta a babban yatsansa, ya miƙo mini.

"Kafin mu koma gida," na ce, "ina son in ga gulbi."

"Kai da ka baro tafki guda a garinku?"

"An ce akwai gurbi mai zurfi a bayan ganuwa, wanda ba ya ƙafewa."

"Akwai. Ya shanye mutum biyu a tsaye."

"Shi nake son gani."

Ba kowa a wurin sai wasu mata can nesa suna wanki. Gaɓar tana da tsayi, ruwan kore shar, ba ya motsi. Illo ya tsaya a baki yana nuna mana inda ruwa yake kaiwa da damina. Na ajiye kayan Dije a ƙasa. Na cire jar dara na ɗora a kan kayan. Na naɗe igiyar goran a hannuna.

"Yaya, har yanzu ba ka iya ruwa ba ko?"

"Ni da ruwa sai a ƙwarya," ya ce, yana dariya.

Na sa hannu biyu na tura shi.

Dije ta ƙwalla ƙara. "Malam! Ka haukace?"

Illo ya nutse, ya taso, rigar saƙi ta naɗe shi, yana kaɗa hannu yana shan ruwa. Na bari ya sake nutsewa sau ɗaya, sannan na jefa masa goran. Ya rungume shi da hannu da ƙafa.

"Mamman! Mi na yi maka? Jawo ni!"

"Ya ɗauke ka?"

"Mi?"

"Goran. Ya ɗauke ka ko bai ɗauke ka ba? Kai da ka fi ɗana nauyi sau biyu."

Dije ta kama rigata tana jijjiga ni. "Wana ne! Ka ji tsoron Allah, wana ne!"

"Dubi cikin goran, Dije. Dubi ɗinkin. Ina ya kwanta?"

Ta duba. Shekara ashirin da biyu tana shan ruwa a ɗinkina. Hannunta ya saki rigata a hankali.

"Hagu," ta ce.

"Na wa ne?"

Ba ta amsa ba. Ba za ta iya ba. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba, nawa ma haka. Kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Ba mu kiran sunansa, ba mu kallon tsakiyar idonsa, ba mu yi masa wasa a gaban mutane. "Kai" nake ce masa, ita kuma "wancan".

"Yaya," ta ce, "ka ce ya fashe."

"Gora nawa ne a duniya, Dije? Mijinki ya taɓu! Kira mutane!"

Na fizgi igiya. Goran ya suɓuce daga ƙirjinsa, ya yi ƙasa, ya taso yana tari, ya cafko shi da ƙyar.

"Ka rantse a gaban liman," na ce. "Ka ce da idonka ka ga ɗinkina ya buɗe."

"Wataƙila ban gani da kyau ba! Nesa ce!"

Na sake fizga. Wannan karon na daɗe kafin in sassauta.

"Shekara uku ina kallon hannun nan nawa ina tsine masa. Shekara uku matata ba ta shan ruwa a abin da na taɓa. Ka zo ka zauna a tabarmata ka karɓi gaisuwa, har ka fi ni kuka. Ina ka binne shi?"

"Ban kashe shi ba!"

"Ina ka binne shi, Illo?"

Ranar na fara kiransa da sunansa, ba Yaya ba.

Na durƙusa, na jawo shi har gindin gaɓa, na fito da basillar da ya zaɓa mini, na ɗora tsininta a kan zaren farko.

"Ka ce ɗinkin nan ya buɗe. To yau zai buɗe, maganarka ta zama gaskiya. Zare goma sha ɗaya ne. Ni na sa su, na san wanda in na cire sauran za su bi."

"Dije! Ƙanwata! Nono ɗaya muka sha!"

Dije ta matso bakin gaɓa. Ba hawaye a idonta.

"Ba ni igiyar, Malam."

Na ba ta. Ta naɗe ta a hannu sau uku, kamar za ta ja guga.

"Faɗi, Yaya. Ni ba ni da haƙurinsa."

Nan ya karye.

"Yana da rai! Wallahi Lawali yana da rai!"

Na janye basilla daga kan zaren.

"Shanuna sun mutu, ba ni da ko ɗan maraƙi. Ayari ya sauka bayan tafki. Na ce ya raka ni mu kai musu kifi. Suka ba ni kayan gishiri, na bar musu shi. Da goransa a kafaɗa ya tafi. Na shiga ruwa na jiƙa tufafina, na zo gidanka."

"Ka sayar da ɗa?" in ji Dije. "Ɗan halal, mai salla? Ɗan cikina?"

"Shaiɗan ne..."

"Zanen nan da ka saya mini, da shi ka saya?" Ta fizge baƙin zanen daga cikin kaya da hannu ɗaya, ta jefa masa a fuska. "Wainar da na ci, da shi? Kwana bakwai na yi a gidanka ina cin ɗana!"

"Ƙarya kake," na ce. "Yaron nan ya san daji, ya san ruwa. Shekara uku, da ya gudo. Ko a rarrafe da ya dawo gida."

Illo ya ƙara rungume goran.

Dije ta ja igiya.

"Tsaya! Tsaya, zan faɗa! Ba zai gudo ba. Na ce masa... na ce masa kai ka aiko ni."

"Ni na aike ka mi?"

"Ka sayar da shi. Na ce hatsi ya ƙare, ka zaɓi ƙannensa, ka ce a kai shi."

"Ya yarda?"

"Da fari bai yarda ba. Sai na ce masa, Lawali, tun da aka haife ka, ka taɓa jin ubanka ya kira sunanka? Ya taɓa duban fuskarka? Shi ke nan. Ya miƙa hannu da kansa aka ɗaure."

Na zauna a ƙasa. Yaron da nake bi a ɓoye har bakin tafki in laɓe a bayan gawo, don kawai in ga ya fito lafiya. Yaron da na kwana biyu ina ɗinke wa gora, ina gwada kowane zare da haƙorina. Bai sani ba. Ta ina zai sani? Kunya ta hana ni nuna masa.

"Yana ina?" in ji Dije. "Azbin?"

"Kun gan shi."

"Mi ka ce?"

"Yau. A zango. Wanda ya yar da kantu."

Sai maganar Marka ta dawo mini. Wani daga zangon Azbinawa, da hantsi, ya ce ba ya so. Shekara uku yana ɗauke da goran nan, ya ratsa Hamada da shi ya dawo da shi. Yau ya ga ubansa da sabuwar hula, da hannun Illo a kafaɗarsa, yana dariya. Ya je ya ajiye.

Ya dube ni ido cikin ido, ban gane shi ba, don ban taɓa sanin idonsa ba.

"Na ce gabana ya faɗi," in ji Dije. "Malam, na ce maka gabana ya faɗi!"

Na miƙe. "Zan je zango."

"Ba su nan," in ji Illo, haƙoransa suna kaɗawa. "Da kuna salla na koma wurin dattijon. Na ce ya tashi yau, kada ya kwana. Na ba shi goro da turmin zane. Da la'asar za su fita ta ƙofar arewa."

Na ɗaga kai. Inuwar ganuwa ta riga ta rufe rabin gurbin. Tun ɗazu aka kira la'asar, ina nan ina wasa da igiya ban ji ba. Da daga wurin Marka na wuce zango, da na same su suna ɗaure kaya.

Na dubi basilla, na dubi wuyan Illo. Taku ɗaya ne tsakaninmu.

"Bar mini shi," in ji Dije. "Ruga!"

"In ya fito fa?"

"Ba inda za shi." Ta zauna a gaɓa, ta kafa ƙafa biyu a saiwar itace, ta ƙara naɗe igiya. "Yaya, ka yi ta addu'a. In Malam ya dawo su biyu, zan jawo ka mu tafi gaban alƙali. In ya dawo shi kaɗai, goran ɗana kawai zan jawo."

Na zuba a guje.

Ban san na yar da takalma ba. Na ratsa marina, na ture wata mai fura, ana zagina ban waiga ba. Zango wayam, sai kashin raƙuma da gutsattsarin gishiri. Na bi sawu har ƙofar arewa, ƙirjina kamar zai tsage.

Ayari ya riga ya fita. Ya miƙe a kan hanya tsakanin karan gero, goshinsa ya ɓace, wutsiyarsa ce kawai nake hange. Bayi suna tafe a ƙasa suna jan akala, duk dogaye, duk da amawali, duk sun ba ni baya.

"Kai!" na yi ihu. "Kai! Kai yaro!"

Ba wanda ya waigo. Wa zai waigo? Kowa a duniya kai ne.

Masu tsaron ƙofa suna kallona, mata masu dawowa daga itace sun tsaya. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Shekara ashirin sunan nan yana maƙale a wuyana, tun ranar da liman ya raɗa masa shi a kunne na sunkuyar da kai.

Na cika ƙirjina da iska.

"Lawali! Lawali ɗana! Ban sayar da kai ba!"

Can a wutsiyar ayari, mutum ɗaya ya tsaya cak. Raƙumin da yake ja ya tsaya, na bayansa ma suka tsaya.

Bai juyo ba.

Dattijon Ba'azbinen ne ya juyo da raƙuminsa, ya nufo ni a hankali, hannunsa a kan takobi.